Amsoshin Tambayoyinku: Idan sabar ta tafi da shafinmu, ina za mu samo shi?

Tambaya: Ni malami ne a wata makaranta mai zaman kanta a Disina, ƙaramar hukumar Shira. Bara muka buɗe shafin intanet inda iyaye ke duba sakamakon 'ya'yansu. An gina shi da WordPress, yana zaune a sabar wani kamfani a ƙasar waje, mu dai kuɗin haya muke biya duk shekara. Kamfanin ya ce kullum yana ajiye mana kwafi. Shin da sauran abin da ya rage mana? In kuma wata rana komai ya ɓace, yaya ake dawo da shi?

Amsa: Da sauran aiki, kuma a wuyanku yake.

A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa, ɗaya daga cikin manyan masu ba da hayar sabar a Turai. Gini guda ya ƙone ƙurmus, wani ya taɓu, shafuka miliyoyi suka ɗauke. Abin takaicin shi ne wasu sun biya kuɗin ajiyar kwafi, ashe kwafin nasu a wuri ɗaya yake da sabar, wuta ta haɗa ta cinye. A 2023 wata kotun kasuwanci a Faransa ta sa kamfanin biyan wasu diyya, amma diyya ba ta dawo da bayanai. Manomin Disina ba ya zuba irin shuka duka a rumbu ɗaya da hatsin ci. Kuma ba sai gobara ba: katin banki ya ƙi biya, wa'adin haya ya wuce, kamfani ya share asusu har da kwafin da ke ciki. Wannan ya fi gobara yawan faruwa a wajenmu.

Shafinku kashi biyu ne, kuma nan mutane ke tuntuɓe. Akwai fayiloli, wato hotuna da tsarin ado da ƙananan manhajoji, galibinsu a jakar wp-content. Akwai kuma rumbun bayanai na MySQL, inda rubuce-rubucen shafin suke, haka ma sunayen ɗalibai da makinsu in a cikin shafin kuke shigar da su. Wanda ya kwafi fayiloli ya bar rumbun ya tashi a tutar babu. Ku haɗa da fayil ɗin wp-config.php, domin shi ke riƙe da sunan rumbun da kalmar sirrinsa.

Ƙa'idar da masana ke bi ana kiranta 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Na san abin da za ka ce, sabis ɗin waya ba kullum yake ɗaukar saukar da manyan fayiloli ba, ga tsadar data. To kada ka jawo kayan ta wayarka. Sanya ƙaramar manhajar UpdraftPlus a shafin, ka umarce ta ta riƙa tura kwafi daga sabar kai tsaye zuwa Google Drive, inda ake ba kowane asusu gigabayit 15 kyauta. Wannan zirga-zirgar tsakanin sabar da sabar take, ba ta cin datarka. Rumbun bayanai a kwafe shi kullum lokacin shigar da sakamako, fayiloli kuwa mako-mako ya isa. Kwafi na uku, ranar da ka shiga Azare ka samu sabis mai ƙarfi, ka sauke a filashi ka kulle a ofis. Rumbun ƙaramar makaranta ba shi da nauyi, hotuna ne ke cika wuri. Ka sa wa abin da ka sauke kalmar sirri, domin bayanan yara ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a kan mai riƙe da su.

Kada sabon kwafi ya riƙa goge tsoho nan take. In 'yan kutse suka shiga ba ka gane ba sai bayan kwana goma, kwafin jiya ma da gubar a ciki. Ka riƙe na makonni da dama a baya.

Dawo da shafi kuwa bi da bi ne. Ka kama sabuwar haya mai irin PHP ɗin da kake amfani da shi, ka ɗora fayiloli, ka buɗe rumbu fanko ta cPanel, ka zuba masa kwafin ta phpMyAdmin, sannan ka gyara wp-config.php ya dace da sabon rumbun. Sai ka ga komai na tafiya kafin ka juya sunan shafin ya fuskanci sabuwar sabar, juyin da kan ɗauki awanni, wani lokaci har kwana biyu, kafin ya game duniya. In kutse ne ya jawo, ka canza dukkan kalmomin sirri. Af, ka duba yau da sunan wa aka yi rajistar sunan shafin. In na yaron da ya gina muku ne, kuma ya koma karatu Gadau ya canza lamba, kwafinku na nan amma ba ku da ikon juya adireshin. A mayar da shi sunan makaranta da imel ɗinta.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne gwaji. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya share kusan gigabayit 300 na rumbun bayanansu bisa kuskure. Hanyoyin ajiya biyar suke da su, da aka zo nema babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan ne ya cece su, kuma aikin awa shidan ya tafi. Ƙwararru ke nan. Saboda haka kowane hutun zango ka ɗauki kwafin da ke filashi, ka dawo da shi a kwamfutarka ta manhajar XAMPP, wadda ba ta buƙatar intanet bayan an sanya ta, ka buɗe sakamakon aji ɗaya ka gwada da na takarda. Ka rubuta matakan a littafi, ka koya wa wani malami ya yi a gabanka ba tare da ka sa masa hannu ba.