Sara a Bakin Samarin Gwammaja: Kwatanci da Harshen Japan

Gabatarwa

Sara ita ce sabuwar kalma, ko tsohuwar da aka sauya wa ma'ana, wadda wani rukunin jama'a kan yaya ta na ɗan lokaci. Wasu malamai na ɗaukar ta ɓata harshe ce. Manufar wannan ɗan nazari ita ce a nuna cewa sara tana da ƙa'ida, ta hanyar kwatanta maganar samarin Gwammaja da ta takwarorinsu na Japan, musamman masu wasannin kwamfuta.

Hanyoyin Gina Sara

Hanya ta farko ita ce gutsure kalma. Saurayi ya haɗu da abokinsa a dandali sai ya ce "Ya ne?" maimakon "Yaya ne?" Haka masu wasa a Japan kan rubuta "otsu" idan an tashi, wadda aka gutsuro daga "otsukaresama", watau sannu da aiki.

Ta biyu ita ce juya ma'ana. "Shege" zagi ne, amma idan ɗan ƙwallo ya yi gwaninta sai a ce "Shegen yaro!" don yabo. A Japan ma "yabai" asalinta abu mai haɗari, yanzu kuwa samari na yaba abinci ko wasa da ita.

Ta uku ita ce siffantawa. Wanda ya ci ado sai a ce "ya ɗau wanka". Mutanen Japan kan jera harafin "w" a intanet don nuna dariya, daga "warau", yin dariya. Da jerin ya yi kama da tsiron ciyawa, sai "kusa", watau ciyawa, ta zama dariya.

Sara da Tarihi

Gwammaja, unguwar Malam Aminu Kano, ta san ƙarfin sara. Bayan rabuwar jam'iyyar PRP a 1980, an kira ɓangaren Malam "Taɓo", na Abubakar Rimi kuma "Santsi". Ɗalibin da bai san wannan ba, ba zai fahimci waƙoƙin siyasar wancan zamani ba.

Kammalawa

Yawancin sara kan mutu kafin ta shiga ƙamus. Saboda haka ya wajaba ɗaliban Hausa su riƙa tattara ta daga bakin masu ita, tare da rubuta wuri da shekarar da aka ji ta, kafin ta ɓace.