Filin Shawara: Maigida Zai Huda Min Tanki da Rodi Mai Zafi

Zuwa ga Goggo: Ina kiwon tarwaɗa a tankin roba mai cin lita 1,000 a tsakar gidanmu. Kullum da bokiti nake kwashe ruwan, bayana ya gaji, warin kuma ya hana mu sakat. Maigida ya ce zai gasa rodi ya huda gindin tankin, ya zura bututu ya liƙe da gam. Hankalina bai kwanta ba, amma ba na so ya ga kamar na raina dabararsa. Ya zan yi?

'Yarki daga Lokuwa, Mubi

To, 'yata. Ki fara da gode masa, don mijin da ya ji tausayin bayanki ba abin rainawa ba ne. Shawararsa daidai ce, rodin da gam ɗin ne kawai ba su yi ba. Ƙarfe mai zafi narkar da roba yake yi, bakin ramin ya fito a karkace da kumburi, ba abin da zai zauna a kansa lif. Gam ɗin bututu kuwa ba ya kama irin robar tankin ruwa. Yau ya yi kamar ya riƙe, jibi ki ga ɗigo. Ki tuna ruwan lita 1,000 nauyin tan guda ne.

Ku je wurin masu sayar da kayan famfo ku nemi mahaɗin tanki, mai zare da goro da zoben roba, na inci ɗaya da rabi ko biyu. Ƙaramin bututu kashin kifi da ragowar abinci za su toshe shi. A sayi mahaɗin tukuna, sannan a auna ramin da shi, domin ya fi bututun kauri. Nan mutane da yawa ke asarar tanki.

Ranar aikin, a mayar da kifin cikin baho, a zubar da ruwan kaf, tankin ya bushe, tunda injin huda da ruwa ba sa shiri. A zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe, yatsu uku ko huɗu sama da gindi, nesa da lanƙwasa. Mai gyaran famfo ya sa zarto mai zagaye a bakin injin, wani ya tokare katako ta ciki, hannunsa nesa da wurin, a huda a hankali ba dannawa. Idan tankin ya sha ranar Mubi har ya yi fari yana ƙamas-ƙamas, a ƙara lallaɓawa, irinsa ne ke tsagewa. A kankare bakin ramin, a wanke ɓurɓushin tas kada kifi ya haɗiya. Zoben robar ta ciki yake zama. A ɗaure goron da hannu, a ɗan ƙara da sifana, kada a matse har ya tsuke.

Ki ɗaura raga a bakin bututun ta ciki, in ba haka ba ƙananan tarwaɗarki za su bi ruwa su tafi. A cika tankin ya kwana ba kifi, da safe ki shafa ƙarƙashin mahaɗin ki ji ko da danshi. Ruwan kuma a kai shi gindin alayyafo ko ayaba, kada ya malala lungu ya haɗa ki da maƙwabta.

Kan yawan kifin da tankin zai ɗauka, ku leƙa sashen nazarin kiwon kifi na Jami'ar Jihar Adamawa da ke nan Mubi. Maigida kuwa, ki roƙe shi ya je sayen kayan da kansa, ya tsaya kan mai aikin. Allah ya sa albarka a kiwon.