Ƙisasi da ƙofar afuwa: darasi a kan hukuncin kisa

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayarwa, Mai kashewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a watan Ramadan na shekara ta 40 bayan hijira, Abdurrahman ɗan Muljam ya sari Sayyidina Ali (Allah ya ƙara masa yarda) a ka da takobi mai guba, a masallacin Kufa, lokacin sallar asuba. Nan take aka kama shi. Sayyidina Ali ya yi kwana biyu yana jinya kafin ya cika, kuma malaman tarihi sun ruwaito wasiyyar da ya bari a kan wanda ya sare shi: a ciyar da shi, a shayar da shi, kada a wulaƙanta shi. In ya tashi daga ciwon, shi ne mai jini, ko ya yafe ko ya rama. In kuwa ya rasu, to sara ɗaya a madadin sara ɗaya. Kada a yi wa gawar kaca-kaca, kada kuma a taɓa wani da sunan ramuwar Sarkin Muminai.

Mafi yawan abin da fiƙihu ya shimfiɗa a wannan babi yana cikin wasiyyar nan. Shari'a ba ta soke kisa ba. Aya ta 178 da ta 179 na Suratul Baƙara sun shar'anta ƙisasi, sun kuma nuna cewa kariyar rayuka ce ke cikinsa, domin wanda ya san za a kashe shi idan ya kashe wani zai mayar da wuƙarsa kube, sai rai biyu su tsira. Amma a tsakiyar ayar hukuncin ne aka kawo zancen afuwa, aka kuma ambaci ƴan'uwantaka tsakanin mai kisa da mai jini. Malaman tafsiri sun daɗe suna tsayawa a wannan wuri: jini ya zuba, amma ba a yanke igiyar Musulunci da ke tsakaninsu ba. Anas ɗan Malik ya ba da labarin cewa ba a taɓa kawo wa Manzon Allah (S.A.W.) ƙarar ƙisasi ba face ya yi umarni da afuwa.

Almajirin da ya karanta Risala a zaure ya san irin shingen da mazhabar Imamu Malik ta yi wa jini. Ba a kashe mutum sai da shaidu biyu maza adalai, ko ikirarinsa, ko ƙasama, wato rantsuwa hamsin da dangin mamaci za su yi idan akwai alama mai ƙarfi. Ko an tabbatar da laifin, idan ɗaya daga cikin ƴaƴan mamaci maza ya yafe, kisa ya faɗi, sauran su karɓi rabonsu na diyya. Asalin diyya raƙuma 100 ne, ko dinari 1000, ko dirhami 12,000. Wanda aka yafe wa ba ya tafiya haka nan: bulala 100 da ɗaurin shekara guda suna jiransa. Mace mai ciki ba a taɓa ta sai ta haihu. Daga cikin wuraren da Malikawa suka rufe ƙofar afuwa akwai kisan gilla, inda aka yaudari mutum aka kashe shi a ɓoye don dukiyarsa, saboda wannan ɓarna ce da ta shafi al'umma duka.

Sannan zartar da hukuncin aikin hukuma ne. Abin da ake gani a wasu kasuwanni, a yi ihun ɓarawo, a taru da duwatsu, wani ya kawo taya da fetur, ba shi da alaƙa da ƙisasi ko kaɗan. Babu alƙali, babu shaida, ga ƙonawa da wuta wadda Manzon Allah ya hana, ga shi kuma sata ba laifin kisa ba ce tun farko. Mutanen tarbiyya sun san sunan wannan abu: nafsi ne ya sami taro ya ɓuya a ciki.

Babbar matsalar hukuncin kisa ita ce ba ya gyaruwa. A shekarar 1950 aka rataye wani direba mai suna Timothy Evans a Landan, bisa laifin kashe jaririyar ƴarsa. Ya amsa laifi a hannun ƴan sanda, daga baya ya janye, ya ce maƙwabcinsa John Christie ne ya yi kisan. Kotu ta gaskata Christie, wanda shi ne babban mai ba da shaida a kansa. A 1953 aka tono gawarwakin mata a gidan da Christie yake zaune, shi ma ya amsa cewa shi ya kashe matar Evans. A 1966 aka yi wa Evans afuwa, bayan ya shekara 16 a kabari. Ga ikirari, ga shaida, ga alƙali, amma duk aka yi kuskure. Wanda ya san wannan labari zai fahimci dalilin da ya sa Manzon Allah ya yi ta kawar da fuska daga Ma'izu lokacin da ya zo yana tona kansa, har ya tambaya ko yana da taɓin hankali, ko ya sha giya. Zai kuma fahimci ƙa'idar malamai ta tunkuɗe haddi idan shubuha ta shiga, da hukuncin mafi yawansu cewa ikirarin da aka samu da duka ko tsoratarwa ba hujja ba ne.

Zancen hanyar kisa kuwa, hadisi na 17 cikin Arba'una na Imamu Nawawi ya wajabta kyautatawa ko a wurin kisa da yanka. Zamani ya ƙirƙiro injuna da sunan sauƙi, sauƙin bai samu ba. A jihar Alabama ta Amurka, a watan Nuwamba na 2022, an ɗaure Kenneth Smith a gadon kisa ana neman jijiyar da za a yi masa allurar guba, aka kasa, aka mayar da shi ɗakinsa. A watan Janairu na 2024 aka kashe shi da iskar naitirojin, kuma shi ne na farko da aka zartar wa hukunci ta wannan hanya. Laifinsa na kisa babba ne, amma babu littafin fiƙihun da ya yarda a ɗanɗana wa mutum mutuwa sau biyu.

Akwai kuma hatsarin siyasa, kuma Sufaye ba baƙi ba ne a nan. Husaini ɗan Mansur Al-Hallaj ya shafe sama da shekara takwas a tsare a Bagadaza kafin a kashe shi a shekara ta 309 bayan hijira, zamanin Halifa Muƙtadir. Malamai sun yi saɓani a kan maganganunsa har yau, amma masana tarihi ba su ɓoye rawar da waziri Hamid ɗan Abbas ya taka wajen matsa wa alƙalai ba.

A Nijar ma, mutanen ƙarshe da aka zartar wa hukuncin kisa an harbe su ne a 1976, bayan yunƙurin juyin mulkin da aka yi wa Seyni Kountché a watan Maris na shekarar. Tun daga nan kotuna suna yanke hukuncin, amma ba a aiwatarwa, sau da yawa shugaban ƙasa kan mayar da shi ɗaurin rai da rai. A watan Disamba na 2010 Majalisar Tuntuɓa ta ƙasa ta ƙi amincewa da soke shi daga doka, yayin da maƙwabciya Chadi ta soke nata gaba ɗaya a 2020.

Sai dai dokar hukunta laifuka ta Nijar gadon tsarin Faransa ce. A cikinta mai gabatar da ƙara na gwamnati ne ke bin jini. Dangin mamaci suna iya neman a biya su hasara, amma afuwarsu ba ta tsayar da shari'ar. Don haka wanda ke kira a dawo da harbi da sunan addini, wajibi ne ya faɗi ko zai dawo da shi tare da shaidu biyu adalai, da jefar da ikirarin da aka samu a ƙarƙashin kulki, da ikon ɗa guda ya tashi a gaban alƙali ya ce ya yafe jinin mahaifinsa.