YADDA AKE SA WA JITA KUNNE BIYU

'Yan uwana ɗalibai, darasinmu na wannan mako kimiyya ce a cikin kiɗa. Jitar katako muryarta ba ta wuce ɗaki. In za a kaɗa ta a fili, sai an sa mata abin da zai kamo sautin ya miƙa wa lasifika. Masu sana'ar suna ce masa fikof, ni kuwa kunne zan kira shi.

Akwai kunne na maganaɗisu, amma tsirkiyar ƙarfe kaɗai yake ji. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, don haka irin tasa za ta yi. Goge da kukuma kuwa izgar doki ce tsirkiyarsu, ko kwana aka yi ana goga su maganaɗisu ba zai ji komai ba. Saura kunne biyu ke nan, fiyezo da makirufo.

Fiyezo ya fi ba ni mamaki. A shekarar 1880 wasu 'yan uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa akwai duwatsun da in an matsa su sai su fitar da 'yar wutar lantarki. Laitar da ake dannawa a kunna gas a kicin da wannan dabarar take aiki. A jita, ana shimfiɗa siririn fiyezo a jikin jaki, wato inda tsirkiyoyi suke hawa. Tsirkiya tana rawa tana matsa shi, shi kuma yana mayar da rawar ta zama wuta. Bai cika kuka ba, sai dai muryarsa a bushe take.

Makirufo ƙarami ne ake sa wa a cikin cikin jitar. Shi yake kamo daɗin katakon. Matsalarsa duk mun san ta: irin kukan nan "fiiii" da lasifika take yi a asambali har mu toshe kunne. Makirufo ne ya ji abin da lasifika ta fitar, ya sake mayar mata, suka yi ta zagaye.

Shi ya sa ake haɗa biyun, kuma mai haɗa su shi ne firiyam, ɗan akwatin da yake ƙarfafa sauti kafin ya isa amfilifaya. Yawancinsu batir mai bolt 9 suke ci. Ga wanda kafinta ya ƙera masa jita, nan ne zai iya asarar kuɗinsa, don ba kowane firiyam ne yake karɓar kunne biyu ba. A duba ko yana da mashiga biyu da maɓallin gauraya su. A wajen biki mai hayaniya sai a rage makirufo a ƙara fiyezo, a ɗakin ɗaukar sauti kuma a juya. Mashigar fiyezo tana son megaom 1 ko fiye, ana rubuta shi a kwali. In bai kai ba, kaurin muryar zai gudu, jitar ta koma kamar ana dukan gwangwani.

Akwai wani ƙaramin maɓalli da mutane suke rainawa. Mun karanta cewa sauti igiya ce mai tudu da kwari. Idan tudun kunne ɗaya ya faɗo daidai kwarin ɗayan, sai su cinye juna, kunne biyu su fi ɗaya rauni! Maɓallin yana kifa igiya ɗaya don su tafi tare. A ganina duk firiyam ɗin da ba shi da wannan, a bar wa mai shago abinsa, ko da a Sabon Gari aka yi maka ragi.

In an gama kiɗa a zare waya daga jikin jitar. Ramin wayar shi ne makunnin, muddin tana ciki batir yana ci gaba da ƙonewa.