Ko Ciwon Ƙugu Zai Sa a Tayar Mini da Naƙuda?

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta ce cikinta wata tara ne, ciwon ƙugu ya hana ta sakat, ko juyi a gado sai da taimako. Shin za ta iya roƙon likita ya tayar mata da naƙuda?

To Malama, sannu. Za ki iya roƙa, ba laifi ba ne. Ciwon yana zuwa ne saboda jijiyoyin da ke riƙe ƙasusuwan ƙugu sun saki, ga nauyin jariri, amma ba ya cutar da shi. Shi ya sa likitoci ba sa gaggawa. In ba wata larura, ba a tayar da naƙuda kafin mako 39, don huhun jariri ya ƙarasa ƙwari. Ko an kai, sai an duba bakin mahaifa. Idan bai yi laushi ba, a kan fara da magani a farji, sannan a fasa faya, a sa ruwan naƙuda. Abin yana iya ɗaukar kwana biyu, wani lokaci a ƙare da tiyata.

Kafin nan, ki sa matashi tsakanin gwiwoyi in za ki kwanta, ki haɗe ƙafafu wajen sauka daga gado ko Keke Napep. Faracitamol ba matsala, amma ki guji ibuprofen.

Allurar naƙuda a kemis ko a gida kuwa, kul! Tana iya fasa mahaifa. Idan kika ga jini, ko zazzaɓi, ko motsin jariri ya ragu, asibiti nan take.