Ma'aunin Ƙwarewa a Ƙwallon Ƙafar Mata: Waiwaye a Kan Wasan Dallas na 2017

A watan Afrilun 2017, yaran ƙungiyar FC Dallas 'yan ƙasa da shekara 15 suka doke tawagar matan Amurka, mai riƙe da kofin duniya, da ci 5 da 2. Tun daga nan masu kushe ƙwallon mata suke kafa hujja da sakamakon. Wannan maƙala na ganin hujjar tana da rauni. Wasan dai na atisaye ne. Sannan balaga kan ƙara wa namiji sinadarin testosteron, mai haɓaka tsoka da saurin gudu, har tazarar da ke tsakanin zakarun tsere maza da mata ta kai kusan kashi 10 cikin ɗari. Wannan tazara ita ta rinjayi sakamakon, alhali iya sarrafa ƙwallo da karantar wasa na buƙatar ma'auni dabam.