Akushin Ɗalibin Kwaleji: Zakka, Sadaka Da Hubusi

 

A cikin shekarar 2023, bayan an janye tallafin man fetur, Jami'ar Bayero ta Kano ta ƙara kuɗin rajista kamar yadda jami'o'in tarayya da dama suka yi, sai ga ɗalibai masu yawa sun yi cirko-cirko, ba su san inda za su dafa ba. A watan Agusta na wannan shekara gwamnatin jiha ta ba da sanarwar ware Naira miliyan 700 domin biya wa ɗalibai kimanin 7,000, waɗansu masu hali kuma suka ɗauki nauyin waɗansu. An gode musu. Amma abin da ya kamata mai karatu ya tsaya ya duba shi ne, yaya aka yi birnin da ya shekara ɗaruruwa yana ciyar da masu neman ilmi ya wayi gari ɗalibinsa yana jiran sanarwa a rediyo kafin ya san ko zai koma aji?

Tun zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, da zuwan Shehu Maghili a zamanin Muhammadu Rumfa, karatu a birnin Kano bai taɓa tsayawa da ƙafar malami shi kaɗai ba. Malami yana zaune a zaurensa a Madabo ko Sanka ko Kabara yana biya wa ɗalibai Risala da Muhtasar, unguwa kuwa ita ke riƙe da cikinsu. Attajiri ya ba da soro a kwana, matan gida su fitar da akushi bayan magariba, manomi ya aiko da damin zakka da kaka, mai rini ko mai ɗinkin hula ya ba ɗalibi ɗan aikin da zai sami kuɗin tawada da man fitila. Ba a rubuta wannan tsari a takarda ba, ba shi da ofis, ba shi da akawu, amma kowa ya san rabonsa a ciki. Baƙon da ya zo daga Borno ko Damagaram ko Adar domin karatu, da wuya ya kwana uku bai sami gidan da ya zama nasa ba. (Wannan dabam yake da abin da ake gani a yau na sakin ƙananan yara a titi da roba a hannu, ba mai lura da su. Wancan riƙo ne, wannan kuwa yasarwa.)

Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana attajirin da babu kamarsa a wannan nahiya, shi kansa ya yi almajirci a Bebeji yana yaro, ya kuwa ɗanɗana abin da almajiri yake ɗanɗana. Ba mamaki ke nan da gidansa ya zama gidan da malamai da ɗalibai suke jingina da shi.

To, sai zamani ya juya. A 1928, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar shari'a ta Shahuci. A 1934 aka kafa makarantar koyon shari'a ta lardunan Arewa a cikin birni, aka ɗauko mata malamai daga Sudan, ita ce kuma aka mai da ita Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Alƙalai da manyan malamai da yawa sun bi ta cikinta, har da marigayi Shehu Abubakar Mahmud Gumi. A cikin harabar wannan makaranta ne aka fara Kwalejin Ahmadu Bello a 1960, wadda aka sake wa suna Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962 sa'ad da aka kafa jami'a a Zariya, daga baya ta koma bayan ganuwa wajen Ƙofar Kabuga da Dukawuya, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Watau dai jami'ar nan 'yar cikin birni ce, a nan aka yanke mata cibiya.

Sai dai ta gaji karatun zaure, ba ta gaji akushinsa ba. Waɗannan makarantu baitulmali ne ya gina su, hukuma ke biyan malamai, ita ke ciyar da ɗalibai, har ta ba su tufafi da kuɗin kashewa. Da mutane suka ga haka sai suka naɗe hannu, suka ce wannan ta gwamnati ce. Sadakarsu ta ci gaba da zuwa masallaci da makarantar allo, ɗalibin kwaleji kuwa aka ɗauke shi mai gata. A lokacin gaskiya ne. Amma tun cikin shekarun 1980 aka daina ciyarwa a jami'o'i, hukuma ta yi ta janye hannu sannu a hankali, jama'a kuwa ba su mai da nasu hannun ba. A tsakanin hannun da aka janye da wanda ba a miƙo ba ɗan talaka ya faɗa.

Ɗaukar nauyin mai neman ilmi ba al'adar Kano ce kurum ba, asalinsa yana Madina. A masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai wata rumfa da ake kira Suffa, inda matalautan sahabbai marasa iyali suke zaune suna koyon Alƙur'ani da hadisi, cikinsu har da Abu Huraira, Allah ya yarda da shi. Mutanen Madina sukan rataye musu tsarkiyar dabino a masallaci, wanda ya ji yunwa ya kakkaɓa ya ci. Malaman tafsiri sun ambata cewa da waɗansu suka riƙa kawo dabinon da ya lalace, sai aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta sauka tana hana mutum ya zaɓi mummunan abin da shi kansa ba zai karɓa ba ya ce shi zai bayar. Wannan gargaɗi ya shafi mai kai wa ɗakin karatu tarkacen littattafan da gara ta ci, ko injin da ya mutu, sa'an nan ya nemi a buga sunansa a jarida. Haka kuma Tirmizi ya ruwaito labarin 'yan'uwa biyu, ɗaya yana sana'a, ɗaya yana lizimtar majalisar Annabi. Mai sana'ar ya kawo ƙarar ɗan'uwansa, sai Annabi ya nuna masa cewa mai yiwuwa ne albarkacin wancan ake arzuta shi.

Hanyoyin bayarwa uku ne, kuma rikita su yana jawo ɓarna. Ta farko zakka. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade mutane takwas da ake ba su, ba a ƙara ba a ragewa. Bisa ga mashahurin zance a mazhabar Malik, ba a gina makaranta ko masallaci da kuɗin zakka, domin haƙƙin mutane ne, sai an mallaka musu. Waɗansu malaman wannan zamani sun faɗaɗa ma'anar tafarkin Allah har ya haɗa da ayyukan ilmi, amma wanda yake son ya fita daga saɓani ba ya bukatar wannan fassara, gama ɗalibi matalauci ya riga ya shiga cikin takwas ɗin ta ƙofar talauci. In bashi ya yi masa katutu ya shiga ta ƙofar masu bashi, in kuwa baƙo ne guzurinsa ya yanke ya shiga ta ƙofar matafiyi. Malamai sun halatta a ba matalauci abin da zai ishe shi shekara. Saboda haka ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya fitar da ɗaya bisa arba'in na dukiyarsa, da ya kakkarya ta ƙanana-ƙanana a bakin ƙofa ana turereniya, gara ya nemi ɗalibai biyu ko uku na unguwarsu ya raba su da damuwar shekara guda. Amma ba zai ba ɗansa ko 'yarsa da ciyar da su yake wajibi a kansa ba, ya ce zakka ya fitar.

Ta biyu sadakar ganin dama, wadda ƙofarta a buɗe take. Da ita ake gina aji, a haƙa rijiya, a sayi littafi, a biya wa wanda zakka ba ta hau kansa ba.

Ta uku ita ce aka fi sakaci da ita, alhali ita ce ta riƙe manyan makarantun Musulmi, watau hubusi, wanda ake kira waƙafi. Ma'anarsa a tsare asalin dukiya, ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gadonta, amfaninta ne kaɗai ake bayarwa. Asalinsa gonar da Sayyidina Umar ya samu a Haibara, ya nemi shawarar Annabi, aka nuna masa ya tsare gonar ya yi sadaka da amfaninta, mai kula da ita kuma ya ci gwargwadon abin da aka saba. Da irin wannan Fatima al-Fihriyya ta kafa masallacin Ƙarawiyyin a Fas cikin 859, da shi kuma ɗaliban Azhar suka yi ƙarnuka suna karɓar gurasarsu ta kullum. Kada mai karatu ya zaci abin na Larabawa ne kaɗai. Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya ambaci makarantar Ibn Rashiƙ ta Malikawa a Alƙahira, wadda mutanen Kanem suka ba da kuɗin gina ta cikin ƙarni na 13, suka riƙa aika mata da kuɗi daga gida. In mutanen bakin Tafkin Chadi sun iya riƙe makaranta a bayan Sahara da raƙumi, mene ne uzurin wanda kwaleji take bayan gidansa?

Mazhabar Malik ta sauƙaƙa wannan babi ƙwarai. Ta halatta hubusi na ƙayyadadden lokaci, kamar mutum ya ce hayar shagonsa ta shekara goma ta ɗaliban kwaleji kaza ce, bayan haka shagon ya komo masa. Ta halatta hubusin abin da ake ɗauka, kamar littafi da dabba. Ta halatta a tsare kuɗi domin a riƙa rantawa ba da ruwa ba, wanda ya biya a ranta wa wani. Gwamnatin tarayya ta fara ba ɗalibai rance marar ruwa a 2024, amma littattafan fiƙihun da ake biyawa a zaurukan birni sun daɗe da sanin wannan hanya. Jihar Kano kuma ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003.

Ba a ce masu dukiyar Kano ba su yi kome ba. Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina, an san shi da taimakon makarantu da asibitoci. Gidauniyar Alhaji Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ta wajen uwa, ta gina wa Jami'ar Bayero makarantar koyon harkokin kasuwanci, aka buɗe ta a 2018. Waɗannan ayyuka ne manya. Sai dai zuciyar mai bayarwa ta fi karkata ga gini, domin gini ana ganinsa, ana yanka masa ƙyalle, suna yana zama a jikinsa. Kuɗin rajistar marainiya daga Yakasai, da kuɗin motar da zai kai ta sabon mazaunin jami'a a hanyar Gwarzo ya komo da ita, da abin da za ta sa a baki da rana, ba mai ganinsu sai Allah. Ga shi kuwa su ne suke yanke karatu. Ba a cika jin ɗalibi ya bar kwaleji don aji ya yi ƙanƙanta ba, yunwa da bashi ne suke korarsa. Rumfa guda a Kasuwar Kurmi, in aka yi hubusinta da gaskiya, tana iya fitar da ɗalibi bayan ɗalibi har bayan jikokin mai ita sun tsufa, wannan kuwa shi ne sadaka mai gudana da hadisin Muslim ya lissafa tare da ilmi mai amfani cikin ayyukan da ba su yankewa da mutuwa.

Akwai ladabin da mai bayarwa zai kiyaye. Aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta yi kashedi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Jera ɗalibai a rana, a ɗauki hotonsu riƙe da ambulan, a watsa wa duniya talaucin iyayensu, yana kusa da wannan ƙwarai. Aya ta 273 kuma ta yi nuni ga mabukatan da ba su roƙo, har jahili ya zaci mawadata ne saboda kamun kansu. Da yawan ɗaliban kwaleji haka suke, riga a goge, ciki babu kome. Irin waɗannan ba su zuwa ƙofar gida, sai an bi ta wajen limamin unguwa, ko mai unguwa, ko malamin ajinsu, kafin a gane su. Ita ma kwalejin da aka danƙa wa amana, wajibi ne ta bi sharaɗin mai bayarwa matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Abin da aka ce na marayu ne ba a gyara motar ofis da shi, ko da bukatar ta matsa, kuma zaɓen wanda za a ba ya zama bisa bukata da ƙwazo, ba bisa sanayya ba.

Saura mas'ala guda wadda ta sha rushe niyyar mutanen kirki. Ibn Abi Zaid ya bayyana a cikin Risala cewa kyauta da sadaka da hubusi ba su cika sai an karɓe su daga hannun mai bayarwa. In mutum ya ce gidansa na Gwammaja ya ba ɗalibai, amma ya ci gaba da karɓar hayarsa yana sa wa a aljihu har ajali ya riske shi, to gidan ya koma gado, magada kuma ba su yi zalunci ba in sun raba. In kuwa sai da ciwon ajali ya kwantar da shi ya furta, hukuncinsa hukuncin wasiyya ne, ba zai wuce sulusin dukiya ba. Saboda haka mai niyya ya yi tun yana da lafiya: ya rubuta, ya kafa shaidu adilai, ya ambaci kwalejin da irin ɗaliban da yake nufi, ya naɗa mai kula, ya faɗi wanda zai gaje shi in ya mutu, sa'an nan ya miƙa takardun gidan da makullinsa, ya sanar da 'yan haya wanda za su riƙa biya daga wannan wata.